Lauya Da Zaman Aure: Yadda Ake Raba Lokaci Tsakanin Kotu Da Gida

 

Kwanan baya wata yarinya 'yar ajin ƙarshe a makarantar sakandare ta aiko mana da takarda. Ta ce tun tana ƙarama ba ta da wani buri sai na zama lauya, kuma mahaifinta ya yarda. Amma gwaggonta ta ja ta gefe ta ce mata ta rufa wa kanta asiri ta nemi aikin koyarwa, domin wai lauya ba ta zaman aure, kullum tana kotu, tukunyarta a kife, 'ya'yanta a hannun maƙwabta. Yarinyar ta ce ga shi lokacin cika takardar jarrabawar shiga jami'a ya matso, ta rasa abin da za ta rubuta.

To, 'yata, ba za mu ce gwaggo ta yi kuskure ɗungurungum ba, domin babba ba ya faɗin magana a banza. Aikin lauya yana cin lokaci ƙwarai da gaske. Sai dai inda muka rabu da ita shi ne, abin da yake kashe gidan lauya ba yawan aikin ba ne, rashin shiri ne da rashin yarjejeniya tun farko. Bari mu bi maganar daki-daki, don ke da sauran masu karatu ku gani da kanku.

Agogon kotu ba ya jira

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, a aikin shari'a kusan kome da ranarsa. A Nijeriya idan Babbar Kotu ta yanke hukuncin ƙarshe a kan rikicin gona ko bashi ko ciniki, wanda bai gamsu ba yana da wata 3 ya ɗaukaka ƙara. Idan kuwa hukunci ne na tsakiyar shari'a, kwana 14 ne kawai. In lokacin ya wuce sai lauya ta je ta roƙi kotu ta ƙara mata, ta kuma kawo dalili mai ƙarfi, kuma kotu tana iya ƙi. A shari'ar zaɓe kuwa ko roƙon ma babu. Tsarin mulkin 1999, yadda aka gyara shi, ya ce a shigar da ƙara cikin kwana 21 bayan an bayyana sakamako, kotu ta gama cikin kwana 180, ɗaukaka ƙara kuma cikin kwana 60. Su kansu alƙalai ba a bar su ba, an ba su kwana 90 su yanke hukunci bayan lauyoyi sun gama jawabinsu na ƙarshe.

Sa'an nan kuma yawancin kotuna ƙarfe 9 na safe suke zama, watau daidai lokacin da uwargida ta gama fama da wankan yara da karin kumallo da kai su makaranta. Akan jera shari'o'i da yawa a rana ɗaya, kowa ya zo da safe ya zauna yana jiran a kira tasa. Manyan Lauyoyin Nijeriya, waɗanda ake kira SAN, su ne ake fara saurara, saboda haka ƙaramar lauya tana iya zama har azahar, daga ƙarshe a ɗaga shari'arta zuwa wata mai zuwa. In kuma ta fita aka kira babu ita, alƙali yana iya korar ƙarar ko ya ci wanda take karewa tara.

Ku dubi abin da yake a kan wannan mata. Wanda ya ba ta amana yana iya kasancewa wata gwauruwa ce da ake neman ƙwace mata gidan marayunta, ko wani yaro da yake tsare shekara da shekaru ba a yanke masa hukunci ba. Idan ta makara, ba ita za ta kwana a kurkuku ba, shi ne. Wannan shi ya sa ba ta iya cewa kotu ta dakata don yaronta ya tashi da zazzaɓi.

Shekaru goma masu wuya

Akwai kuma wani lissafi da ya kamata 'yan makaranta su yi tun yanzu. Karatun lauya shekara 5 ne a jami'a, sa'an nan shekara 1 a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda hedkwatarta take Bwari kusa da Abuja, tana kuma da rassa a wurare kamar Bagauda ta Jihar Kano da Yola da Ikko da Inugu. Bayan haka ga bautar ƙasa shekara 1. Yarinyar da ta shiga jami'a tana da shekara 18, sai ta kai 24 kafin ta sa baƙar riga. Daga nan sai ta yi aƙalla shekara 10 kafin a iya naɗa ta alƙalin Babbar Kotu ko a ba ta matsayin SAN. Kotun Ɗaukaka Ƙara shekara 12 take nema, Kotun Ƙoli kuwa 15.

Kun ga ke nan shekarun da ake so lauya ta nuna ƙwazonta, daga 24 zuwa 34, su ne dai shekarun aure da ciki da goyo. Namiji yana bin wannan hanya da jakar takardu kaɗai, ita kuwa da jaka a hannu da goyo a baya. Abin da gwaggo ta hango ke nan.

Amma fa an bi hanyar an wuce. Stella Thomas ta zama lauya a Ingila a 1933, ita ce mace ta farko daga ƙasar nan, ta kuma zama majistare a 1943. Folake Solanke ta zama mace ta farko da ta sami SAN a 1981. A nan Arewa kuwa Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar ce ta buɗe ƙofa. Ta fara aiki a Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Arewa a 1967, ta zama alƙalin Babbar Kotun Kano a 1977, ta shiga Kotun Ƙoli a 2005, sa'an nan ta riƙe kujerar Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 2012 zuwa 2014. Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa ita ma ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 2014 zuwa 2020.

Darasi daga wata ƙasa

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai, har a ƙasashen Turawa haka take. A Amurka an yi wata alƙali mai suna Rut Ginsbag, wadda ta yi ta ba da labarin yadda ta raba lokacinta, don haka ya dace mu kawo shi nan. Ta shiga karatun lauya a Jami'ar Habad a 1956 tana da jaririya, su 9 ne kaɗai mata a ajin da ya haura mutum 500. Tsarin da ta yi shi ne, daga safe zuwa ƙarfe 4 na yamma na karatu ne. Da ƙarfe 4 mai raino take tafiya, daga nan har yarinyar ta yi barci ba ta buɗe littafi. Sai ta kwantar da ita sa'an nan ta koma kan takardunta. Ta ce kowane ɓangare yakan zame mata hutu daga ɗayan.

Daga baya, tana tsakiyar aiki, makarantar ɗanta ta dame ta da kira a kan ƙiriniyarsa. Ran nan sai ta gaya musu yaron nan iyaye biyu gare shi, su riƙa kiransu bi da bi. Mijinta, wanda shi ma lauya ne, shi ya ɗauki girkin gidan, domin ya fi ta iyawa. Ta zama alƙalin Kotun Ƙolin Amurka a 1993, ta rasu a 2020, aurensu kuwa ya yi shekara 56 kafin rasuwar mijin.

Ba muna cewa kowane maigida ya ɗaura zane ya shiga madafa ba ne, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Abin lura a nan shi ne, ta yanka wa kowane abu lokacinsa, kuma ba ta ɗauki nauyin ita kaɗai ba.

Abin da lauya mai aure za ta yi

Na farko, a yi magana tun ran gini, tun ran zane. Kafin a ɗaura aure, yarinya da waliyyanta su gaya wa mai nema irin aikin nan ƙarara: akwai fita da sassafe, akwai tafiya wani gari, akwai ranar da za a kwana ana rubutu. In ya yarda, ya yarda a gaban manya. Uwar miji ma a je a gaishe ta a yi mata bayani cikin ladabi, domin sau da yawa ƙorafi ba daga ɗakin miji yake tasowa ba. Matar da take da abokiyar zama, ta zauna da ita su fahimci juna a kan ranar girki, don in shari'a ta kai ta wani gari a yi musanya da daɗin rai.

Na biyu, littafin ranaku ya zama ɗaya. Kada a ajiye na kotu daban, na gida kuma a bar shi a ka. Ranar awon ciki da ranar allurar yaro da ranar taron iyaye a makaranta, duk a rubuta su wuri ɗaya da ranakun shari'a. Idan alƙali zai ɗaga shari'a yakan tambayi lauyoyi ranar da ta dace da su, to, wadda littafinta yake a hannu ita take tsira da ranar asibitin ɗanta.

Na uku, ta riƙa yi wa kanta wa'adi kafin na kotu. In takarda kwana 14 gare ta, ta ƙudura a ranta kwana 10 ne. Kwana 4 ɗin nan na zazzaɓin yaro ne da baƙin da ba su yi sallama ba da rasuwar da za a tafi gaisuwa. Da sanyin safiya ake kama fara.

Na huɗu, ta sami abokan aiki amintattu. Ƙa'idar aikin ta yarda wani lauya ya tsaya a madadin wani a kotu, muddin an ba shi takardu da cikakken bayani. Yau ki tsaya mini, gobe in tsaya miki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyar, wayar hannu ta san iyakarta. Masu shari'a sukan kira da tsakar dare a kan abin da zai iya kwana. Tun ranar da aka karɓi aikinsu a gaya musu lokacin kira, ban da wanda aka kama ko wani abin gaggawa. Daga magariba zuwa barcin yara, a kife wayar.

Na shida, ta san haƙƙinta. Dokar Ƙwadago ta ba mace hutun haihuwa na mako 12, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Amma dokar ta cire masu aikin ƙwarewa daga cikin waɗanda take kira ma'aikata, saboda haka lauyar da za ta kama aiki a ofishin wani lauya ta tabbata an rubuta mata hutun haihuwa a takardar ɗaukarta. Abin kunya ne mai rubuta wa mutane yarjejeniya ta manta da tata.

Haka kuma ba dole ne kowace lauya ta riƙa zuwa kotu kullum ba. Akwai aiki a ma'aikatar shari'a da banki da kamfani, akwai koyarwa a jami'a, akwai rubuta takardun ciniki da na filaye. Mace tana iya zaɓar mai sauƙi a shekarun goyo, in yara sun tasa ta koma fagen. Kotuna kuma suna da dogon hutu na shekara, wanda yakan faɗo tsakanin Yuli da Satumba, kusan daidai da hutun makaranta. Wannan na yara ne da ziyarar dangi, kada a sayar da shi.

Wani gargaɗi da ba za mu bari ba: in za a ɗauki mai taimako a gida, a ɗauki babba a biya ta haƙƙinta. Kada a kawo ƙaramar yarinya daga ƙauye a hana ta makaranta don uwargida ta sami zuwa kotu. Ba ya kyautu mai neman wa mutane adalci ta gina aikinta a kan jahilcin 'yar wani. Jiki ma yana da haƙƙi, wadda ta mai da rashin barci al'ada, wata rana a gadon asibiti za ta biya bashin.

Ga sauran iyayen gida, ko kuna koyarwa, ko jinya, ko sana'a a cikin gida, wannan shiri bai bar ku a baya ba. Idan kuma ɗanki ne ya auro lauya, ki tuna ranar da aka taɓa haƙƙin wata taki za ki so ki sami mace 'yar'uwarki wadda za ki buɗe wa cikinki ba kunya.

Ke kuma 'yata mai takarda, shawararmu ita ce ki rubuta abin da zuciyarki take so. Amma ki fara gwada kanki tun yau: ki rubuta lokacin karatu da na aikin gida da na barci, ki ga ko za ki riƙe shi wata guda ba fashi. Sa'an nan ki ɗauki wannan shafi ki kai wa gwaggo, ki durƙusa ki karanta mata, ki roƙe ta ta sa miki albarka. Wataƙila ma ita ce za ta riƙe miki jariri ranar da za ki fara tsayawa gaban alƙali.

Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, ya yi wa zuriyarmu albarka, amin. Sai mun sadu a mako mai zuwa.