Dako Na Ƙara Wa Yaro Girma?

A kasuwannin Magarya da Dungas mun saba ganin yara na dakon gero da riɗi, muna cewa wahala ke gina jiki. Likitoci sun tabbatar aikin ƙarfi na ƙara sinadarin girma a jini, amma bayan awa ɗaya ko biyu sai ya sauka. Mafi yawansa cikin barcin dare yake fitowa, kuma ba ya amfani sosai sai da abinci kamar wake, gujiya, nono da ƙwai. A Magarya, inda likitocin MSF suka fara jinyar yara masu tamowa a 2005, mun san illar yunwa. Don haka iyaye mata, kafin yaro ya ɗora gammo, mu tabbatar ya ƙoshi, ya yi barci.