Kalpain: Almakashin da ke sa ƙwayoyin jiki tafiya

Idan mutum ya yanke a hannu, ƙwayoyin halittar da ke bakin raunin ne ke rarrafawa a hankali har su rufe shi. Irin wannan rarrafe ne kuma ƙwayoyin cutar daji ke yi idan suka baro inda suka tsiro zuwa huhu ko hanta ko ƙashi. Yawancin waɗanda cutar daji ke kashewa, a wannan matakin na yaɗuwa take kashe su.

Shi ya sa masana suka daɗe suna neman sanin yadda ƙwaya marar ƙafa ke tafiya. Wani ɓangare na amsar yana ga wani sinadari mai suna kalpain.

Ƙwaya kan miƙa gabanta ta manne da abin da take tafiya a kai, ta hanyar wasu sinadarai da ake kira integirin. Daga ciki kuma wani furotin mai suna talin ne ke ɗaure su da zaruruwan da ke ja. Matsalar tana baya: muddin tsohon mannin bai saki ba, ƙwayar za ta yi ta miƙewa ba ta gusa ba, kamar wanda takalminsa ya kafe a taɓo.

Nan ne kalpain ke shigowa. Da zarar sinadarin kalsiyam ya ƙaru a cikin ƙwayar, sai ya farka ya datse talin, mannin ya warware, bayan ƙwayar ya biyo gabanta. Ba ya ragargaza furotin gaba ɗaya yadda sinadaran narkar da abinci ke yi. Wuri ɗaya ko biyu kawai yake yanka.

Gordon Guroff ne ya fara gano shi a ƙwaƙwalwar ɓera a 1964. Sunan kuwa haɗin kalsiyam ne da papain, wato sinadarin gwanda da ke tausasa nama, domin su biyun dangi ne. Hasali ma kalpain ne ke sa naman dabba ya yi laushi kwanaki bayan yanka, kuma shanu masu tozo suna da yawan sinadarin kalpastatin da ke taka masa birki, abin da ke cikin dalilan taurin namansu.

A 1997 Anna Huttenlocher da abokan aikinta a Amurka suka nuna cewa idan aka toshe kalpain, ƙwayoyi kan kasa sakin bayansu, tafiyarsu ta ragu. A 2004 kuma, a Jami'ar Wisconsin, suka sauya talin yadda kalpain ba zai iya yanka shi ba, sai mannin ya riƙa jinkirin warwarewa.

To me ya hana a toshe shi don tsayar da cutar daji? Abin ba sauƙi. Ɗan Adam yana da nau'o'in kalpain 15, kuma jiki na bukatarsu. Lalacewar na uku daga cikinsu ce ke haddasa wata cutar gado mai shanye tsokar kafaɗa da ƙugu. Ɓerayen da aka raba da manyan nau'o'i biyu na farko sun mutu tun a ciki.

Akwai ma abin mamaki: a wasu fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, toshe kalpain ƙara musu motsi ya yi.