Taron Da Ba Shi Da Babban Baƙo

Manoma 'yan'uwa, kowa ya san irin taron da muka saba. A kafa rumfa, babban baƙo ya makara, ya karanta takarda, a tafa, a watse. Wanda ya zo da damuwar albasarsa ya koma gida da ita.

To, akwai wata hanya. Wani Ba'amurke, Harrison Owen, ya lura mutane sun fi ƙaruwa da hirar lokacin shan shayi bisa ga laccar kanta. Saboda haka a 1985 ya kira taro inda mahalarta da kansu suka tsara abin da za a tattauna. A 2005 samari masu kafa ƙananan kamfanonin kwamfuta a Kalifoniya suka yi irinsa, suka sa masa suna BarCamp, abin kuwa ya bazu duniya.

Ga yadda ake yi. Da safe a kafa allo, duk mai magana ya faɗa a rubuta. Sa'an nan a kasu kashi-kashi a gindin itatuwa. Wanda ya ga ba ya ƙaruwa, ya tashi ya koma wani kashin, ba laifi.

Ina amfaninsa gare mu? Albasar Aliero ta yi suna, amma kusan lokaci guda ake cire ta, kasuwa ta cika, kuɗinta ya faɗi. Wanda ya ajiye kuma, sau da yawa ruɓa ke raba shi da ita. Alhali kuwa tsohon manomin Maiyama ya san lokacin janye ruwa kafin cira, da yadda ake shanya ta har wuyanta ya bushe. Dillalin Jega ya san watan da buhu ke tashi.

Ga kuma samarinmu masu fitowa daga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006. Wanda ke son fara sana'ar famfon hasken rana, ko ta aika farashi ta waya, in bai ji daga bakin manomi ba, sai ya kawo abin da ba mai saye, ɗan jarinsa ya narke.

Don haka kafin a zuba iri bana, ku nemi izinin mai gari ku haɗu. Kada ku jira hukuma. Tabarma da allo da tulun ruwa sun isa. Sharaɗi ɗaya ne, watau kowa ya zo da abin da zai koyar, ba kunne kaɗai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu rani mai albarka, amin.