Kafarnahum da Ƙauyukan Bakin Tekun Galili

 Yau za mu bi sawun matafiyi zuwa Kafarnahum, ƙaramin garin da Yesu ya zauna a ciki bayan ya bar Nazarat.

Abin da ake kira Tekun Galili tabki ne na ruwan daɗi. Tsawonsa kamar kilomita 21 ne, faɗinsa kamar 13. Kogin Urdun yana shiga ta arewa, ya fita ta kudu. Tabkin yana cikin kwari, fiye da mita 200 ƙasa da bakin teku, tuddai sun kewaye shi. Shi ya sa iska takan gangaro daga tuddan nan farat ɗaya, ruwa ya haukace. Wanda ya ga wurin zai gane abin da ya tsorata almajirai cikin jirgi, ko da yake waɗansunsu masunta ne.

Kafarnahum tana bakin tabkin, wajen arewa maso yamma. A zamanin Yesu garin masunta da manoma ne, kusa da iyakar ƙasar Hirudus Antibas da ta ɗan'uwansa Filibus. Inda iyaka take kuwa, nan ake karɓar kuɗin fito. To, ga dalilin da ya sa aka sami Matiyu zaune a wurin karɓar haraji a garin.

Yau ba mazauna a tsohon garin, sai kango da masu ziyara. Matafiyi zai ga bangayen ƙananan gidaje na baƙin dutse, da wata farar majami'a ta ƙarni na 4 ko na 5. An gina ta daga baya ne, amma a ƙarƙashinta akwai harsashin baƙin dutse wanda masana da yawa suke ganin na majami'ar zamanin Yesu ne. Kusa da ita akwai gidan da Kirista na dā suka ɗauka na Bitrus ne. A shekarar 1990 aka gina sujada a bisansa, da gilashi a tsakiyar daɓe domin a leƙa ƙasa.

Daga nan ƙauyuka ba su da nisa. Korasinu tana kan tudu, kamar kilomita 4 arewa. Betsaida, garin Bitrus da Andarawas da Filibus almajiri, tana gabas da inda Urdun yake shiga tabkin. Idan an bi gaɓa zuwa kudu maso yamma, sai a isa Ginosar, inda aka ajiye wani tsohon jirgin ruwa mai tsawon fiye da mita 8. An same shi cikin laka a 1986, lokacin da fari ya janye ruwa. Gaba kaɗan ga Magadala, inda aka tono majami'a ta ƙarni na farko a 2009. A gidajen abinci na bakin ruwa kuma za a kawo maka abin da suke kira kifin Bitrus. Da ka gan shi za ka gane shi, karfasa ce.

Abin lura shi ne, Kafarnahum da Korasinu da Betsaida mutum zai iya zaga su da ƙafa cikin yini guda. A ɗan wannan fili ne Yesu ya yi yawancin ayyukansa na al'ajabi. Mutanen nan sun gan shi a hanya, sun ji muryarsa a majami'a, ya warkar da marasa lafiyarsu. Duk da haka, a Matiyu sura 11 garuruwan nan uku ne ya tsauta wa, domin ba su tuba ba.

Mutanenmu da yawa daga Nijeriya sukan je ziyarar Ƙasa Mai Tsarki, su dawo da hotuna da laƙabin JP a bayan sunansu. Ziyara abu ne mai kyau, tana buɗe wa mutum ido ya fahimci Bishara. Amma ɗan'uwana, 'yar'uwata, mutanen Korasinu sun fi kowane mai ziyara kusa da Yesu, kusancin kuwa bai cece su ba. Haka yake ga wanda aka haifa a gidan Kirista, yana zuwa sujada kowace Lahadi, amma zuciyarsa ba ta juyo ba.

Idan Allah ya ba ka hanyar zuwa, kada ka yi gaggawa. Ka karanta Markus sura 1 zuwa 6 a bakin ruwan, ka binciki kanka. Idan kuwa ba ka da halin tafiya, ba ka rasa ceto ba, gama ƙofar tuba a buɗe take a inda kake zaune yanzu.

Ubangiji ya albarkace ku, sai mun sake saduwa.