Laifi Biyu Da Doka Ta Raba: Fyaɗe Da Cutar Da Yara

Yau maganarmu a kan yara ce. Sau da yawa a ɗakin shan magani, a Boɗinga ko a Shagari, uwa takan kawo ɗanta da rauni, a tambaye ta dalili, ta sunkuyar da kai. Ku sani akwai raunin da magani kaɗai ba ya isarsa, sai an haɗa da hukuma.

Dokar laifuffuka ta Arewa, watau Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960, ta raba laifi biyu da mutane kan haɗa.

Na fari shi ne fyaɗe. Sashe na 282 ya dubi yarda: ko an tilasta wa mace, ko an tsorata ta. Amma yarinyar da ba ta kai shekara 14 ba, doka ba ta ƙidaya yardarta da kome. Kada wani ya ce ai ita ta biyo shi, ko ta karɓi kuɗinsa. Hukuncin yana iya kai ɗaurin rai da rai.

Na biyu shi ne cutar da yaro. Sashe na 238 ya dubi amana: wanda yaro ƙasa da shekara 15 ke hannunsa, uba ne, ko kishiyar uwa, ko malami, in ya azabta shi da gangan ko ya bar shi cikin wahala, ya yi laifi, ko babu wata lalata a ciki. An sa masa ɗauri har shekara 2, in kuwa lafiyar yaron ta taɓu ƙwarai, har shekara 5.

Doka ta ci gaba. Ta tarayya ta 2003 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, namiji ko mace. Jihar Sakkwato kuma ta kafa tata dokar kare yara a 2021.

Me ya sa ya kamata ku san wannan bambanci? Domin shaidar kowanne dabam ce. Tabon bulala da ramar yunwa sukan daɗe a jiki, likita ya gani ya rubuta. Alamun lalata kuwa da sauri suke ɓacewa. Saboda haka kada a yi wa yaron wanka, kada a wanke tufafinsa. A kai shi asibiti a ranar, gama maganin da ke tare cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. Daga nan a gaya wa 'yan sanda. A Sakkwato akwai Cibiyar Nana Khadija, inda ake duba irin waɗannan.

Kada ku zagi yaron, kada ku sasanta a zaure don gudun abin kunya. Kunyar ta mai laifi ce. In an rufa masa asiri yau, gobe ɗan maƙwabci zai taɓa.

Allah ya raya mana zuriya. Sai mako mai zuwa.