Daga allon shago zuwa kamfanin kai: yadda masu zanen tambari suka gina sana'arsu

Duk ɗan kasuwa ya san ƙarfin tambari. Mai saye kan hango alamar da ke jikin kwali tun daga nesa, ya yanke shawara kafin ya tambayi kuɗi. Amma da yaro zai ce wa mahaifinsa shi zane yake son ya riƙe sana'a, yawanci amsar da zai samu ita ce: "Zane kuma? Zo mu tafi shago." Tarihin wasu fitattun masu wannan aiki ya nuna cewa sana'a ce da ake gina gida da ita, idan an haɗa gwaninta da sanin ciniki.

Paul Rand, wanda aka haifa a Brooklyn ta Amurka a 1914, ɗan mai shagon kayan masarufi ne, kuma da rubuta alluna a shagon mahaifinsa ya fara. Daga baya ya zama mai zaman kansa, ya zana tambarin IBM a 1956. A 1986 Steve Jobs ya nemi ya zana wa sabon kamfaninsa NeXT tambari. Jobs ya so a kawo masa zane iri-iri ya zaɓa, Rand ya ƙi. Ya ce guda ɗaya zai kawo, kuma ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba, sai an biya shi. Ladan aikin dala 100,000 ne, kuma Jobs ya amince.

Sai a kwatanta da Carolyn Davidson. Tana ɗaliba a jami'a a birnin Portland ta zana alamar Nike a 1971, aka biya ta dala 35. Sai a 1983, bayan kamfanin ya bunƙasa, aka yi mata kyautar zoben zinare da hannun jari. Wannan karamci ne na masu kamfanin, babu yarjejeniyar da ta tilasta musu. Rand ya yi ciniki da suna na shekaru masu yawa a bayansa, ita kuwa a lokacin ba ta da kowa sai alƙalaminta. Shi ya sa masu wannan sana'a ke fafutukar tara ayyukan da za su nuna, domin da su ake ɗaga farashi.

Wasu kuma haɗin gwiwa suka zaɓa. Ivan Chermayeff da Tom Geismar sun fara aiki tare a New York a 1957. Kamfaninsu ne ya fitar da tambarin Mobil mai jan harafin "o" a 1964, wanda duk direban da ya sha mai a gidajen man Afirka ta Yamma ya sani. Sun yi shekara 60 tare har rasuwar Chermayeff a 2017, kuma kafin nan sun ɗauko matashi, Sagi Haviv, suka sa sunansa a na kamfanin. Ko a kasuwa haka ake yi: maigida ya yaye yaronsa don kada harka ta mutu da shi.

Tsarin da ya fi jan hankali shi ne na Pentagram, wanda mutum biyar suka kafa a Landan a 1972. Masu zanen su ne masu kamfanin. Kowane abokin tarayya yana da nasa ma'aikatan, shi ke magana da abokin ciniki kai tsaye, amma riba a asusu ɗaya take taruwa a raba daidai. Idan kasuwar wani ta ja baya a bana, ta 'yan uwansa za ta rufa masa asiri. Paula Scher ta san amfanin wannan. Ta buɗe kamfani da wani abokin aikinta a 1984, tattalin arziki ya taɓarɓare, aiki ya yi ƙaranci, sai ta shiga Pentagram a 1991, mace ta farko da ta zama abokiyar tarayya a can. A 1998 ta zana tambarin bankin Citi a kan 'yar takardar goge hannu ana tsakiyar ganawa. Zanen na 'yan daƙiƙu ne, amma ta bayyana cewa ƙwarewar shekara fiye da 30 ce ta fitar da shi.

A Afirka ma akwai abin koyi. Saki Mafundikwa ɗan Zimbabwe ya yi karatu a Yale, ya yi aiki a New York, sannan ya koma Harare ya buɗe makarantar zane mai suna ZIVA a 1999. A 2004 ya wallafa littafin Afrikan Alphabets kan tsarin rubuce-rubucen Afirka, yana kira ga matasa su nemi salo a gida maimakon kwaikwayon Turai.

To, me ya rage wa iyaye? Idan yaronku a Kumasi ko Yawunde yana haɗa talla a waya, ku ba shi aikin allon shagonku ko takardar kayanku, ku biya shi kamar baƙo. Ku koya masa abin da kuka fi kowa sani: yanke farashi tun kafin a fara, karɓar kafin alƙalami, da rubuta wanda zai mallaki zanen bayan an gama biya. Hannun zane makaranta da yawan aiki za su gyara shi, amma riƙe abokin ciniki da lissafin riba a shagonku zai koya.