Daga Magama zuwa Katsina: abin da sabuwar dayosis ta sauya a rayuwar coci

Kafin ranar 16 ga Oktoban 2023, mabiya ɗarikar Katolika da ke Magama, bakin iyakar Jibia, suna ƙarƙashin dayosis ɗin Sakkwato ne, wadda Bishop Matthew Hassan Kukah yake jagoranta tun 2011. Duk lamarin da ya fi ƙarfin limamin coci, kamar naɗin sabon fada ko warware rikicin aure, sai ya jira Sakkwato, tafiyar awanni a kan hanyar da 'yan bindiga suka sa matafiya ke fargaba. A ranar ce Fafaroma Francis ya yanke dayosis ɗin Katsina, ya kuma naɗa Gerald Mamman Musa, haifaffen Malumfashi, a matsayin bishop na farko. An keɓe shi a watan Disambar shekarar. Yanzu kujerar shugabanci tana majami'ar St. Martin de Porres a birnin Katsina, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Jibia.

Kusancin ya rage wahala, amma asalin mutumin ya fi jan hankali. Bahaushe ne, wanda ya zama limamin coci a 1996. An daɗe a garuruwan Arewa ana kallon coci a matsayin gidan baƙi, na 'yan kasuwa daga Kudu da ma'aikatan da aiki ya kawo. A garin iyaka wannan kallon yana da ɗan tushe: jami'in kwastan ko na shige da fice yakan zama ginshiƙin ikilisiya, sai takardar sauyin wurin aiki ta zo, ya tafi da muryarsa a ƙungiyar mawaƙa da kuma baikonsa. Ikilisiyar da ta jingina da masu wucewa kullum sabon gini take farawa. Masu zama su ne Hausawa Kirista na ƙauyukan Malumfashi da Ƙafur da makamantansu, waɗanda suke da Littafi Mai Tsarki a harshensu tun 1932, amma sau da yawa ba su ne ke kan gaba a kwamitocin cocin birni ba.

Ga kuma aljihu. Rufe iyaka a Agustan 2019, wanda a Jibia ya kai har Afrilun 2022, da sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sun karya jarin 'yan kasuwa da dama. Idan ciniki ya tsaya, baiko yakan ragu a daidai lokacin da gwauraye da marayu suka fi bukatar taimakon Zumuntar Mata.

A ƙetaren Magama, bayan Ɗan Isa, dayosis ɗin Maraɗi ce, wadda aka kafa a 2001. Takardunta da Faransanci ake rubuta su, na Katsina da Turanci, amma manomin da ke zaune a bencin baya, ko can ko nan, da Hausa yake addu'a.